Filtar kanista ta tsage, sabuwa ta iso: me zan yi da tsohon soson?

Maman Biyu

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma da ɗan gaggawa.

Tankin kifina mai lita 240 ne, shekara huɗu ke nan yana zaune lafiya. Kifin tetra goma sha takwas ne a ciki, kifin koridoras takwas, kifin enjel biyu, sai 'yan tsirrai. Filtar kanista nake amfani da ita, wato rufaffiyar tukunyar nan da ake ajiyewa a kabad ƙarƙashin tanki, tiyo ɗaya na sauko mata da ruwa, ɗaya na mayarwa. Shekaranjiya na zura hannu cikin kabad ɗin sai na ji katako da danshi. Da na haska tocila na ga jikin tukunyar ya tsage daidai gindin ɗaya daga cikin maƙalan da ke danne murfi, ruwa na tsattsafowa kamar gumi. Na sa roba a ƙarƙashi, a yini tana tara kusan kofi biyu.

Sabuwa ta iso yau, da sosonta da zobban tangaran da gawayi, wato kayan tace ruwan da ake zubawa a cikin tukunyar, komai fil a leda. Tambayata ita ce, in haɗa ta da sababbin kayanta in zubar da tsohuwar gaba ɗaya, ko akwai abin da zan ɗauko daga ciki? Gaskiya soson tsohuwar ya yi dauɗa ƙwarai, ya koma launin laka, raina bai so in kai shi cikin sabon abu ba.

Tsohon Hannu

Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin ki karanta sauran amsoshi, riƙe wannan: kada ki zubar da ko yanki ɗaya na soson nan, kuma kada ruwan famfo ya taɓa shi. Wannan launin lakar da kike ƙyama shi ne filtar. Tukunya da inji da tiyo, aikinsu kawai su kai masa ruwa.

Ni da asara na koyi wannan. Shekarun baya na sauya filta kamar yadda kike shirin yi, na wanke komai tas, na zuba sabon kaya, ruwa ya yi garau har ina jin daɗi. A kwana na biyar na tashi da asuba na tarar da kifayen sun taru a saman ruwa suna haki. Akwai wani enjel da na raina tun yana kamar farcen babban yatsa, na same shi ya jingina da gilashi a karkace, kunnuwansa na bugawa da sauri. Kafin azahar ya mutu, shi da wasu tara. Ruwan kuwa har lokacin garau yake kamar na sha.

Sabon Shiga

Baba don Allah a yi mana bayani, mu da muka fara kwanan nan. Ni a tunanina aikin filta ta kama datti. In datti ya cika soso, ba sai a sa sabo ba?

Malamar Kimiyya

Ƙanina, kama datti shi ne ƙaramin aikinta. Babban aikin ba ya ganuwa.

Kifi yana fitar da amoniya, wani sinadari mai guba gare shi, dare da rana, kuma mafi yawanta ta kunnuwan da yake numfashi da su take fita, ba ta kashi ba. Ragowar abinci da ganyen da ya ruɓe su ma amoniya suke komawa. A kogi ruwa mai yawa ne ke kwashe ta. A cikin gilashi babu inda za ta je, sai dai a samu mai cinye ta. Masu cinye ta ƙwayoyin bakteriya ne iri biyu: na farko su mayar da amoniya naitirayit, wanda shi ma guba ne, na biyu su mayar da naitirayit naitiret, wanda kifi ke iya jure wa in bai yi yawa ba. Shi ne muke ragewa da canjin ruwa, tsirrai kuma su sha wani.

Abin lura, waɗannan ƙwayoyin ba sa yawo a cikin ruwa. Manne suke a jikin abu, a inda ruwa mai iskar oksijin ke wucewa ba tsayawa. Ina ne ya fi soson filta da zobban tangaran cika wannan sharaɗi? Shi ya sa ko ka kwashe ruwan tsohon tanki kaf ka zuba a sabo ba ka kwaso su ba.

Tun 1890 wani masani ɗan Rasha, Sergei Winogradsky, ya ware irin waɗannan ƙwayoyin ya nuna aikinsu. Littattafan kiwon kifi sun daɗe suna cewa Nitrosomonas da Nitrobacter ne ke aikin, sai a 1998 binciken Timothy Hovanec da abokan aikinsa ya nuna cewa a tankunan ruwan daɗi Nitrospira ce ta fi riƙe mataki na biyu. Matsalar waɗannan ƙwayoyin guda ce, jinkirin haihuwa. Wata bakteriya mai suna E. coli na iya ninka kanta cikin minti 20 in ta samu yanayi, su kuwa sai sun ɗauki awoyi masu yawa, wani lokaci yini guda. Daga nan aka samo makon nan huɗu zuwa shida da ake cewa sabon tanki na buƙata kafin garken ƙwayoyin ya kafu a cikinsa. Hajiya tana da garken da ya shekara huɗu yana ginuwa. In ta zubar, ta koma ranar farko, alhali kifi ashirin da takwas na ciki suna numfashi.

Mai Enjel Goma

Malama, ban musa iliminki ba, amma ni ina da ja. Yanzu ana sayar da bakteriyar nan a kwalba. Na kafa tankuna biyu da ita ban rasa kifi ko ɗaya ba. Soso mai shekara huɗu ƙofofinsa sun toshe, ya saki, ba ya tace komai. Sannan wa ya san irin cutar da ke kwance a ciki? Tunda an samu damar farawa da tsabta, a fara da tsabta mana.

Tsohon Hannu

Ɗan'uwa, maganar cuta ba ta taso ba a nan. Soson nan da tankin ruwa ɗaya suke sha shekara huɗu. Duk abin da ke cikinsa yana cikin tsakuwa, yana jikin gilashi, yana jikin kifayen. Da daga tankin wani za ta karɓo soso, da ni ne na farko da zan ce ta yi hattara.

Ta kwalba kuma ban ce ƙarya ba ce. Amma abu ne mai rai da aka rufe, ba ka san zafin da ya sha a hanya ba, ba ka san watannin da ya yi a ajiye ba. Tankunanka biyu sababbi ne, na tabbata da kaɗan-kaɗan ka riƙa zuba kifi. Nata a cike yake tun daga daren farko. Da tsohuwar zuma ake magani.

Mai Enjel Goma

Haka ne, da kaɗan-kaɗan na zuba. Amma maganar soson da ya saki fa? Wannan ba ka amsa ba.

Tsohon Hannu

A nan kana da gaskiya. In ta matsa shi bai dawo yadda yake ba, ko yana marmashewa a hannu, kwanansa ya ƙare. Sai dai ba yau za a sallame shi ba. Ya shiga sabuwar tukunya ya zauna kusa da sabon soso wata guda ko fiye, ya ba shi iri, sannan a cire shi kashi-kashi. Zobban tangaran kuwa ba sa tsufa da wuri, a ɗauraye su kawai.

Abu Kanista

Ni hanyar da na fi natsuwa da ita, a bar tsohuwar tana aiki, a kunna sabuwar a gefenta, su yi mako huɗu zuwa shida tare, sannan a kashe tsohuwar. Ba a taɓa komai ba, ba a firgita kifi ba.

Maman Biyu

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, labarinka ya sa jikina ya yi sanyi, don da ban tambaya ba da yanzu soson yana bola. Malam Abu Kanista, na so in bi taka, amma tsagar nan fa? Ina ganin kamar ta ƙaru tun jiya.

Injiniya Mai Waya

Hajiya, kada ki ba ta ko mako ɗaya. Shawarar Malam Abu ta lafiyayyar filta ce. Tukunyar nan a ƙasa take, nauyin ruwan da ke cikin tiyo tun daga saman tanki yana danna ta ko inji na aiki ko ba ya yi. Roba in ta fara tsagewa ba ta tsayawa. Ranar da ta buɗe, tiyon da ke saukowa zai ci gaba da zuƙo ruwa da kansa har sai ruwan tanki ya sauka zuwa bakin bututun shiga. Duba inda naki bakin yake, na san kusa da tsakuwa ne. Ki lissafa lita nawa ke samansa, su ne za su kwanta a ɗaki, hitar da ke ɗumama ruwan tanki kuma ta rage a waje tana ci da wuta. Kuma a kabad ɗin nan soket ɗinki yake, ko ba haka ba?

Yau za ki sauya. In dare ya yi miki, gobe da safe, amma ki ɗaga soket ɗin daga ƙasan kabad tun yanzu.

Abu Kanista

Na janye. Ban karanta maganar tsagar da kyau ba.

Maman Biyu

To yau ɗin. A taimaka mini da yadda zan bi, kada in yi ta kai-komo soso na bushewa.

Tsohon Hannu

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka sabuwar za ki fara gamawa, tsohuwar na can tana aikinta. Ki fito da kwandunan da ke cikin tukunyar ki ɗauraye su da sababbin zobban don ƙura, wannan ko da ruwan famfo ne babu laifi tunda babu mai rai a jikinsu tukuna. Ki buɗe kan injin ki ga farfela, wato 'yar fankar da ke tura ruwa, ta zauna daidai. Ki kula da siririn sandan da take juyawa a kai, a yawancin filtoci na tangaran ne, in ya lanƙwasa kaɗan karyewa yake. Ki ɗora bututun shiga da na fita a bakin tanki, ki auna tiyo ki yanka.

Wajen yankan tiyo ake yawan kuskure. Kada ya yi tsawon da zai yi lilo ya sauka ƙasa ya sake hawa, nan iska ke maƙalewa, ƙarfin ruwa ya ragu. Kada kuma ya yi ɗamewar da ba za ki iya jawo tukunyar waje ba ranar wanki. Ki yanka bakin a miƙe. In ya ƙi shiga, tsoma bakin a ruwan zafi na ɗan lokaci, zai yi laushi ya shige, in ya huce ya kama gam. Sai ki ɗaure da notin da ke wurin.

In duk wannan ya kammala, ki ɗebi ruwan tanki bokiti biyu. Ki zare wutar tsohuwar da ta hita, ki rufe bawul, wato makunnin ruwan da ke jikin tiyo, ki kai ta inda ruwa ba zai yi ɓarna ba. Zobban ki girgiza su a bokiti na farko sau biyu ko uku. Soson ki matsa shi a hankali har lakar da ta toshe shi ta fita, ba sai ya yi fari ba, ba kuma zai yi ba. Duk wanda kika gama ki jefa shi a bokiti na biyu ya zauna cikin ruwa. In bai yi daidai da sabon kwando ba, almakashi ne maganinsa. Ki yanka ki cusa, ki cike gurbin da ya rage da sabo. Daga kashe tsohuwa zuwa kunna sabuwa, ki yi ƙoƙari kada ya wuce awa ɗaya.

Sabon Shiga

Me ya sa ruwan famfo bai halatta ga tsohon soso ba? Ai ɗauraya ce ta minti ɗaya.

Malamar Kimiyya

Saboda kulorin da ake sa wa ruwan famfo don kashe ƙwayoyin cuta aka sa shi, kuma bai san na kirki da na banza ba. Akwai masu cewa ɗan gajeren wanki ba ya gamawa da garken da ya yi ƙarfi, kuma wani lokaci hakan na faruwa. Amma ranar sauya filta an riga an girgiza su, an rasa waɗanda ke manne a bangon tsohuwar tukunya da cikin tiyo, bai kamata a ƙara musu wani nauyi ba. Wasu wuraren ma kuloramin ake sawa, wanda ba ya tashi don an bar ruwa ya kwana a bokiti. Don haka ruwan da za ki cike tankin da shi, Hajiya, ki sa masa maganin kashe kulorin tukuna.

Mai Ciyawar Ruwa

Ba wanda ya yi maganar jerin kayan. Anti, kafin ki jera, ki duba littafin da ya zo da ita ki ga ta ina ruwa ke bi. A filtar Eheim Classic ruwa ta ƙasa yake shiga ya hau sama. A filtar Fluval ta jerin 07 yana fara bi ta dogon soson da ke gefe ya sauka, sannan ya hau ta cikin kwanduna. Ko ma wace iri ce taki, ƙa'idar ɗaya ce: abin da ruwa zai fara tararwa shi ne soso mai manyan ƙofofi, don ya tare manyan datti. Zobban da bakteriya ke zaune su samu ruwan da aka riga aka rage wa datti, in ba haka ba laka ta lulluɓe su, iska ta daina kai musu.

Farar audugar tacewa mai laushi da ake sawa a filta ita ce ke sa ruwa ƙyalli, kuma ita ce ke fara toshewa. Ki sa ta inda littafin ya nuna, ki sani ita kaɗai ce abin da ake zubarwa a kai a kai.

Gawayin kuwa ni ajiye shi nake. Amfaninsa ya ja launin rawaya da wari da ragowar magani, cikin 'yan makonni ya cika ya zama dutse kawai. Gurbinsa ki zuba tsofaffin zobbanki. Ranar da kika gama yi wa kifi magani kina son ki kwashe ragowar daga ruwa, sai ki ɗauko shi.

Mai Enjel Goma

Kada a manta da zoben robar murfi. A shafa masa man Vaseline kafin a rufe, ni haka nake yi kullum.

Injiniya Mai Waya

A shafa masa wani abu, wannan na yarda, don busasshen zobe na iya murɗewa wajen rufewa. Amma giris ɗin silikon ya fi kwanciyar hankali. Vaseline daga man fetur aka samo shi, akwai robar da ke jure masa, akwai wadda yake kumburawa a hankali, kuma da ido ba ka rabe su. In littafin filtar ya ce a sa shi, a sa. In bai ce ba, silikon. Shafa kaɗan, zoben ya yi sheƙi kawai. A kuma bi ramin da yake zama da yatsa, ƙwayar yashi ɗaya ko gashi ɗaya ya isa ya sa ta ɗiga.

Sai wayar wuta. Ki bar ta ta sauko ƙasa da soket sannan ta hau zuwa gare shi, yadda in ruwa ya biyo ta zai ɗiga a gwiwar, ba zai shiga soket ba. Tukunyar kuma ki zaunar da ita cikin roba mai ɗan zurfi tun daga yau. Robar nan da kika sa ita ta nuna miki yawan ɗigar, ki bar wa sabuwar irinta.

Maman Biyu

An gama, alhamdu lillahi. Minti hamsin ya ɗauke ni. Zobban duk sun shiga. Soson manya biyu na yanka sun shiga, na uku mai laushin ya marmashe a hannuna, dole na bar shi. Na buɗe bawul na ji ruwa na gangarowa yana cika ta, na jira har kumfa ya daina fita ta bututun sama, sannan na sa wuta.

Amma tana ƙara. Wani ƙarar-ƙarar kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, sai ta yi shiru, sai ta feso kumfa. Na ɓata wani abu ne?

Tsohon Hannu

Ba ki ɓata komai ba, iska ce ta rage a ƙarƙashin murfi tana shiga farfela. Ki kama tukunyar da hannu biyu tana aiki, ki karkata ta hagu a hankali, ki karkata dama, za ki ji tana aman iskar. Sabon soso da sababbin zobba ma suna riƙe iska a ƙofofinsu, sai sun yi kwana ɗaya ko biyu suna sakinta. Kin kyauta da kika bari ta cika kafin ki kunna. Farfelar nan ruwa ne ke sanyaya ta yana mata santsi, in ta juya a bushe tana lalacewa.

Maman Biyu

Na karkata ta, ta yi shiru. Amma yau kwana biyu, duk bayan kamar minti goma sai ta sake feso kumfa.

Abu Kanista

To wannan ba ragowar iska ba ce, sabuwa ce ke shiga. Wuri biyu za ki duba. Na farko mahaɗan da ke ɓangaren shiga, tun daga bututu har bawul, don a sama inda tiyo ya haye bakin tanki iska na iya shiga ta 'yar kafa ba tare da kin ga ɗigon ruwa ba. Na biyu, kina da dutsen iska, wato wanda ke fitar da kumfa, a tankin? In yana kusa da bakin shiga, filtar na shan kumfansa.

Maman Biyu

Dutsen iskar ne! Da na sauya wa bututun wuri ashe na kawo shi daidai kansa. Na tsaya na zuba ido na ga 'yan ƙananan kumfa suna karkata suna shigewa ta ragar. Na matsar da dutsen ɗaya kusurwar, tun ɗazu shiru, sai na ɗora hannu a murfi nake sanin tana aiki.

Saura abu ɗaya. A kwali an rubuta lita 1,200 a awa, ruwan ya fi na da ƙarfi, enjel ɗina sun koma bayan itace sun ƙi fitowa.

Mai Ciyawar Ruwa

Lambar kwali ta inji ce ba kaya a ciki, in an zuba soso da zobba an ja tiyo tana sauka sosai. Abin da aka saba nema shi ne ruwan tanki ya zagaya ta filta sau huɗu zuwa shida a awa, lambar kwalinta kuwa sau biyar ke nan, don haka girmanta ya yi wa lita 240 daidai. Enjel dai faɗin jikinsu da dogayen fikafikansu ba sa son igiyar ruwa. Ki sa bututun nan mai jerin ƙofofi, ki juya ƙofofin su kalli gilashin baya ko su ɗan kalli sama. Ƙarfin zai watse, saman ruwa kuma ya riƙa motsi, wanda ta nan oksijin ke shiga. In har sai kin rage, ki rage ta bawul ɗin fita. Kada ki shaƙe na shiga, inji zai yi ta ja babu isasshen ruwa, ƙarar ta dawo.

Sabon Shiga

Ina da tambaya a gefe, a yi haƙuri. In wuta ta ɗauke fa? Su ƙwayoyin suna mutuwa?

Malamar Kimiyya

Tambaya ce mai kyau, kuma nan ne raunin kanista. Masu cin amoniya mashaya oksijin ne ƙwarai, kowane miligiram ɗaya na naitirojin ɗin amoniya sai an kashe kusan miligiram huɗu da rabi na oksijin kafin ya zama naitiret. Ga sauran ƙwayoyin da ke cin laka su ma suna sha. Tukunya kuma a rufe take ruf. In ruwa ya tsaya awa ɗaya ko biyu babu damuwa. In ya daɗe, iskar ciki ta ƙare, wasu ƙwayoyin da ba sa buƙatar oksijin su karɓi wurin, su ne ke kawo warin ruɓaɓɓen ƙwai. Haɗarin shi ne wuta ta dawo kana barci, inji ya tura wannan ruwan cikin tanki.

In ka ga abin zai yi tsawo, zare fulogin, rufe bawul, buɗe murfin. Ka sa kwandunan a bokitin ruwan tanki, in kana da famfon iska mai batir ka jefa dutsensa a ciki. Kafin ka mayar, zubar da ruwan da ya kwana a tukunyar, ka sansana. Filtar da ake wankewa a kan lokaci ta fi jure wannan, don lakar da ke cinye iskar ba ta da yawa.

Maman Biyu

'Yan'uwa, yau kwana huɗu. Ina gwada ruwan kullum da safe da kayan gwaji na ɗigo. Amoniya sifili, amma naitirayit ya nuna 0.25, ruwan kwalbar gwajin ya tashi daga shuɗi ya ɗan yi shunayya. Kifi na cin abinci, sai dai koridoras na yawan hawa sama fiye da yadda na saba gani. Hankalina ya tashi.

Mai Enjel Goma

Kun gani ko? Da an zuba ta kwalba tun ranar farko da ba a ga wannan ba. Hajiya ki sa gishiri kaɗan, yana tare naitirayit.

Malamar Kimiyya

Hajiya ki kwantar da hankali, amma ki yi aiki yau. Abin da gwajin ke faɗa shi ne masu cin amoniya sun tsallake lafiya, masu mataki na biyu ne suka ragu, kuma dama su suka fi jinkirin farfaɗowa. Soson da ya marmashe da bangon tsohuwar tukunya sun tafi da wani kaso. Da sabon kaya zalla kika sa, da ba 0.25 muke magana ba.

Naitirayit ta kunnuwa yake shiga jini ya hana shi ɗaukar oksijin, shi ya sa kifi ke neman sama ko da ruwan na da iska. Koridoras dama sukan hau su haɗiyi iska, ɗabi'arsu ce, amma tunda kin ga ya ƙaru, ki ɗauke shi da muhimmanci. Ki canza kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na ruwan, da maganin kulorin, zafinsa daidai da na tanki. Ki hana su abinci yau, gobe ki ba su rabin na kullum. Dutsen iska ya kwana a kunne. Filtar kuwa kada ki buɗe ta, kada ki kuma tona tsakuwa, don can ma akwai garke.

Maganar gishiri tana da tushe, kuloraid ɗin da ke cikinsa na gasa da naitirayit a ƙofar shiga. Amma tana da koridoras da tsirrai, duka ba masoya gishiri ba ne, kuma a wannan matakin canjin ruwa ya wadatar. Ta kwalba kuwa, Malam, in tana da ita ta zuba, ba za ta cutar ba.

Tsohon Hannu

Abin da Malama ta ce. Ki gwada gobe da safe kafin ki ba su komai, in launin bai koma shuɗi ba ki sake canza kamar haka. Ni lokacin nawa ko kayan gwaji ba ni da su.

Maman Biyu

Yau kwana tara. Na yi canjin ruwa sau biyu, na kwana huɗu da na kwana biyar. Tun kwana na shida naitirayit ke sifili, amoniya sifili, naitiret tsakanin 10 da 20. Ban rasa kifi ko ɗaya ba, alhamdu lillahi. Na juya ƙofofin bututun sun kalli gilashin baya, enjel sun fito, ɗazu ma na ga babban yana tsince wani faffaɗan ganye da baki. Koridoras sun koma tonon yashinsu.

Na mayar da abinci yadda yake tun jiya. Robar da ke ƙarƙashin tukunyar a bushe take, kullum da safe sai na shafa. Baba, na rubuta ranar da na haɗa ta a jikin ƙofar kabad. In wata ya cika zan buɗe in sauya audugar, in cire ɗaya daga cikin tsofaffin soson biyu, ɗayan kuma sai bayan wani watan. Haka ne ko in ƙara jira?

Tsohon Hannu

Haka ne Hajiya, ɗaya bayan ɗaya, kuma ki yi gwaji na kwana uku bayan kowane. In kin ga ƙarfin ruwan ya ragu kafin watan ya cika, audugar ce, ita kaɗai za ki cire ki mayar da murfi.